RA'AYINMU: Arahar Kano da Albashin Ikko

Ko wace shekara, da zarar jarrabawar ƙarshe ta kawo jiki, akwai wata gardama da ke tashi a ɗakunan kwanan ɗalibai da gindin itatuwa da teburin mai shayi, ba ta kuwa lafawa sai an watse. Gardamar ita ce, in mutum ya karɓi digirinsa, ya kuma gama yi wa ƙasa hidima, ina ya kamata ya nemi abin yi, nan Kano ko kuwa Ikko, watau Legas? Masu goyon bayan Kano hujjarsu ɗaya ce, wai nan ne ake ci da araha a kwana da araha. Masu goyon bayan Ikko su ma tasu ɗaya ce, wai can ne kuɗi yake. Mun daɗe muna saurarensu, mun kuwa lura ko wane ɓangare rabin magana ya kama ya riƙe. Tun da yake nan da 'yan watanni da yawa daga cikinmu za su yanke wannan shawara da gaske, wasu ma sai iyayensu sun sayar da tunkiya ko sun jinginar da gona kafin a haɗa musu kuɗin mota da na haya, mun ga ya wajaba wannan mujalla ta sa baki.

Bari mu fara ba masu cewa Kano ta fi araha gaskiyarsu. Wajen abinci ba su yi ƙarya ba. Tumatir da tattasai da albasa da wake da naman da mutumin Ikko ke sawa a tukunya, galibinsu daga Arewa ake lodinsu. Kwandon tumatirin da aka cika a Kadawa ko Kura sai ya yi tafiyar wajen kilomita 1,000 kafin a sauke shi a kasuwar Mile 12, a hanya kuwa ya sha kuɗin gas, da ladan direba da yaran mota, da harajin ko wace jiha da aka ratsa, da abin da ake miƙawa a shingaye, ga kuma wanda ya ruɓe tun ba a isa ba. Duk wannan a kan mai cefane yake ƙarewa. Hatsi kuwa ba sai an faɗa ba, kasuwar Dawanau tana bakin ƙofarmu. Wanda ke shakka ya tuna abin da ya auku a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2021, sa'ad da fataken abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. Cikin 'yan kwanaki farashin kayan miya da nama ya yi sama a Ikko. Amma a riƙe ɗayan rabin labarin, domin za mu komo kansa: cikin waɗannan kwanakin ne tumatir da albasa suka faɗi warwas a kasuwannin Arewa, manoma na kallo suna ruɓewa.

Sai dai hanyar da ke kai tumatir Kudu ita ce ke kawo wasu kaya Arewa, su ma kuwa ba kyauta suke hawa mota ba. Man fetur, magani, kayan gyaran mota, manja, littattafai, da alkamar da ake niƙa fulawa da ita, yawancinsu ta bakin teku suke biyowa. Bayan da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, farashin da kamfanin NNPC ya fara fitarwa Naira 488 ne ko wace lita a Ikko, a Kano kuwa Naira 540. Watau tun daga ranar farko mai tuƙa A Daidaita Sahu a Kofar Ruwa ya fi direban motar haya na Oshodi sayen mai da tsada. A watan Yuni na wannan shekara aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 cikin 2024, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya bi ta. Shi ya sa a Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa suka fito kan titi a nan Kano suna kukan tsadar fulawa. Gurasa dai abincin Kanawa ce tun kaka da kakanni, amma farashinta a tashar jiragen ruwa ta Apapa ake fara yanke shi.

Inda Ikko ke kayar da baƙo shi ne wurin kwana. Saurayin da ya sauka da takardar ɗaukar aiki a aljihu, abin da zai fara karo da shi shi ne dillalin gidaje. Kuɗin haya na shekara guda ake nema a dunƙule, a kan wannan kuma a ɗora la'adar dillali, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da wani kuɗi da ake ajiyewa wai ko za ka yi ɓarna, duk kafin ka ga makulli. Jihar Legas ta yi doka a 2011 wadda ta hana mai gida karɓar fiye da hayar shekara guda daga sabon ɗan haya, amma dokar da kanta ta tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja, a sauran wurare kuwa wanda ke neman ɗaki da jakarsa a hannu ba shi da bakin kai ƙara. Abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu a ƙarshe shi ne ɗaki guda a irin gidajen nan masu ɗakuna a jere suna kallon juna, kewaye ɗaya, madafi ɗaya, a bi layi da asuba. Wannan ma ba kusa da wurin aiki ba. Arahar ɗaki a Ikko da nisa ake sayenta, a Agege ko Ikorodu ko Iyana Ipaja, sa'an nan abin da aka rage a haya a biya shi a mota.

A mota kuwa kuɗi biyu ake biya, na aljihu da na lokaci. Jihar ta yi ƙoƙari, ba mu musa ba: ta kafa manyan motocin BRT masu hanyarsu daban tun 2008, ta buɗe layin jirgin ƙasa na cikin gari a 2023, ta ƙara wani a 2024. Duk da haka ma'aikaci da yawa kan bar gida kafin a kira assalatu, ya dawo bayan lisha, sa'o'i uku ko huɗu na yininsa sun tafi cikin cunkoson motoci. Ba mu taɓa ganin an rubuta wannan a takardar albashi ba, alhali kuwa cikin waɗannan sa'o'i ne takwaransa na Kano ke koyar da yara darasin yamma, ko ya zauna a shagon yayansa a Kantin Kwari, ko ya leƙa gona in damina ce.

To, albashin da ake kwaɗaitar da mu da shi fa? A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000. A Oktoban wannan shekara Jihar Legas ta ce ita Naira 85,000 za ta biya, Jihar Kano kuma Naira 71,000. Tazarar Naira 14,000 ke nan a wata. In aka raba ta bisa kwanakin aiki 22, ko wace rana za ta tashi Naira 636 da ɗoriya, kuɗin da ba zai kai mutum daga Agege zuwa tsibirin Ikko ya komo da shi ba, balle a yi zancen haya. Saboda haka a matakin ƙaramin ma'aikacin gwamnati, masu cewa a zauna Kano su ne da nasara, ba kuma da ƙaramin rinjaye ba.

Da a nan maganar ta tsaya da mun rufe shafin nan mun ce kowa ya zauna gida. Amma mutum nawa ne cikinmu zai sami aikin gwamnati? Dokar albashin nan ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta nuna fiye da 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su cikin aikin da ke da rajista da takardar albashi. Mai digirin da ke koyarwa a wata makarantar kuɗi ta cikin lungu ya san abin da ake miƙa masa a ƙarshen wata, ya san bai yi kusa da Naira 71,000 ba. Hedkwatocin bankuna da na kamfanonin waya da manyan tashoshin jiragen ruwa suna Ikko, ko da yake gwamnati ta tashi daga can ta koma Abuja tun Disambar 1991. Mu kuwa masaƙu da sauran masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda suka ɗauki iyayenmu aiki, da yawansu sun daɗe da rufe ƙofa, wasu an mai da su ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje.

Ga wani lissafi da muke so ko wane ɗalibi ya haddace. A rahoton talauci da Hukumar Ƙididdiga ta fitar na 2019, an ɗauki wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai Naira 137,430 ba a matsayin matalauci. Bisa wannan ma'auni, 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya matalauta ne. A Jihar Legas ba su kai 5 cikin 100 ba. A Jihar Kano sun kai 55 cikin 100. Lalle Jihar Kano ta haɗa da ƙauyuka masu yawa, Legas kuwa kusan duk birni ce, saboda haka kwatancin bai zama daidai wa daida ba. Amma ko an rage don wannan, tambayar tana nan: in har Kano ce mai araha, me ya sa a nan ne aka fi samun waɗanda ba su iya saye?

Amsar a ganinmu ita ce, babban abin da ya fi araha a Kano shi ne guminmu. Kwanon tuwo na da sauƙi domin matar da ta tuƙa shi ba ta lissafa wahalarta. Aski da wanki da dako da ɗinki na da sauƙi domin masu neman yinsu sun fi masu biya yawa. Kayan miya na da sauƙi a cikin rani domin manomin Kadawa ba shi da wurin adana su, dole ya sayar yau ko ya zubar gobe, masana'antar tumatirin da aka buɗe a can a 2016 kuwa ta yi ta buɗewa tana rufewa. Abin da muka ce a riƙe game da 2021 ke nan: ranar da kaya suka fi araha a kasuwanninmu ita ce ranar da manomanmu suka fi kuka. Haka aka sake gani a 2025, sa'ad da farashin masara da shinkafa ya sauko, mutanen birni suka yi hamdala, manoman da suka sayi taki da tsada suka rasa yadda za su mai da uwar kuɗi. Ɗalibin da ke murnar arahar Kano ya tuna cewa ranar da ya fita daga jami'a shi ma mai sayarwa ne, hajarsa kuwa ita ce aikinsa, a wannan kasuwar kuma za a taya.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin ko wace hukuma, watau zumunci. Ɗan Kano da ya gama karatu ba ya biyan haya, yana da ɗakin soro a gidansu, tuwon dare kuwa ba a hana shi. Wannan ne ke sa albashin da ba zai riƙe mutum mako biyu a Ikko ba ya kai shi ƙarshen wata a nan. Amma kada mu ruɗi kanmu, wani ne ke biya, sau da yawa tsohon da ya kamata a ce ya huta. Kuma hannun da ya ba ka yau, gobe zai miƙo. Da ka fara ɗaukar albashi, suna da biki da kuɗin makarantar ƙanne da maganin gwaggo duk suna da rabo a ciki, ba kuwa mai hankalin da zai ce kada a ba su. Wanda ya tafi Ikko ma bai tsira ba, zai aiko gida, zai kuma biya kuɗin mota mai tsada ko wace Salla. Har wa yau wannan rangwame na ɗan gari ne kaɗai. Abokan karatunmu da suka zo daga Gombe ko Yola ko Kontagora, in suka ce za su zauna Kano, su ma dillali za su nema, sun kuwa san yadda hayar ɗaki ta tashi a Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Kabuga cikin 'yan shekarun nan.

Ba yau Hausawa suka fara wannan lissafi ba. Agege da Idi Araba da Obalende cike suke da mutanenmu, wasu a can aka haifi kakanninsu. Masu tura ruwa a unguwannin Ikko har sunan Hausa ake kiransu da shi, mai ruwa. Waɗannan bayin Allah ba su karanta ilmin tattalin arziki ba, amma sun gane dabarar tun tuni: a nemi kuɗi inda aiki ke da tsada, a kashe shi inda kaya ke da araha. Shi ya sa suke kwana su goma a ɗaki ko a rumfar kasuwa, su ci sau biyu, su aika sauran gida. Abin tambaya ga mai digiri shi ne ko zai iya wannan juriya, shekara nawa kuma, tun da shi ba ɗan cin rani ba ne da zai dawo da faɗuwar ruwa, ofis zai je da riga a goge, wata rana kuma zai so ya ɗauko iyali.

Wannan ya kawo mu ga ƙorafinmu a kan Gwamnatin Tarayya. Alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima ya tashi daga Naira 33,000 zuwa Naira 77,000, an fara biya a Maris na 2025. Mun yi maraba. Amma kuɗin ɗaya ne ko an tura ka Ikeja ko an tura ka Gwarzo. Haka asusun rancen ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, ya yanka Naira 20,000 a wata kuɗin abinci ga kowa, ɗalibin Akoka da na Kano duk ɗaya. Ana kiran wannan adalci, mu ba mu gan shi haka ba. Ba ɗan hidima ne ya zaɓi inda za a kai shi ba. Yaron da uwarsa ke sayar da ƙosai a Fagge, in takarda ta jefa shi Ikko wurin da ba a ba da masauki, alawus ɗinsa na watanni da dama zai tafi a hayar ɗaki tun bai fara cin abinci ba, ɗan mai hali kuwa ko dai a biya masa ko a nema masa canjin wuri. Muna kira da a ƙara wani abu na musamman bisa alawus ɗin waɗanda aka tura birane masu tsadar haya, ko kuwa a tilasta wa duk wurin aikin da ya karɓi ɗan hidima ya ba shi wurin kwana.

Ba kuma ƙarin kuɗi kaɗai muke nema ba, don tarihi ya koya mana. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, har da bashin watannin baya, kasuwa ce ta cinye shi, a wannan shekara tsadar kaya ta haura 30 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi na farko da aka kafa a 1981 Naira 125 ne, a lokacin kuwa ya kai wajen Dala 200. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai Dala 50 ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai 34.8 cikin 100. Lambobin da ke kan takardar albashi suna ta ƙiba, mudun da suke saye yana ta ramewa, a Kano da Ikko baki ɗaya. Gwamnatin jiharmu kuwa, in tana son 'ya'yanta masu ilmi su zauna, hanyar ita ce wutar lantarki ta koma Sharaɗa da Challawa, a sama wa manomin rani inda zai adana amfaninsa, tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala da aka ƙaddamar a Janairun 2023 ta yi aikin da aka gina ta dominsa. Yabon arahar tuwo ba zai riƙe kowa ba.

Saura namu. Ƙungiyar ɗalibai tana da tarihi a wannan fage. A Afrilun 1978 ƙarin sule biyar a kuɗin abincin yini, daga Naira 1.50 zuwa Naira 2, shi ya tayar da zanga-zangar "Ali Must Go", aka rasa rayukan ɗalibai a Ikko da Zariya. Ba muna kiran kowa ya fita kan titi ba ne, mun ga abin da ya biyo bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 a wannan gari, da dokar hana fita da asarar da aka tafka. Abin da muke tunatarwa shi ne magabatanmu sun san farashin abincinsu har kwabo, shi ya sa da suka yi magana aka san da hujja suke yi. Mu yau muna gardama a teburin mai shayi da jita-jita: wani ya ji an ce wane yana ɗaukar dubu ɗari uku a Ikko, bai tambayi nawa yake biyan haya ba, bai tambayi ƙarfe nawa yake tashi ba.

Don haka muna roƙon majalisar ƙungiya, kafin a tafi hutu, ta naɗa ƙaramin kwamiti daga ɗaliban sashen tattalin arziki da na lissafi, ya rubuta wa tsofaffin ɗalibanmu da ke hidima ko aiki a Ikko da waɗanda suka zauna nan Kano. Tambayoyin ba su da wuya: nawa ka biya kafin ka shiga ɗakinka, nawa kake kashewa a mota ko wace rana, sa'a nawa kake yi a hanya, nawa ne mudun shinkafa da na wake da jarkar ruwa a unguwarku, nawa kake aikawa gida, nawa ke saura ran 25 ga wata. Sa'an nan a juya ko wace amsa zuwa kwanakin aiki, watau kwana nawa mutum zai yi yana aiki kafin ya biya hayar shekara, kwana nawa kafin ya sayi buhun shinkafa. Mu a namu ɓangaren mun ware shafi biyu a fitowa ta gaba don buga duk abin da aka samu, ba tare da sunan kowa ba. Wanda ke da ɗan'uwa a can ko a nan da zai yarda ya amsa, ya kawo takardarsa ofishin ƙungiya ya ba sakataren mujalla.